Muryar Umm Midhat a Cikin Kwando

A lungunmu na unguwar Shubra ba a duba agogo don a san ƙarfe tara ta yi. Kwando ake dubawa. Daga barandar hawa na biyar yake tasowa, yana lilo a bakin igiya, ya gogi shanyar mutanen hawa na huɗu, ya wuce tukunyar na'ana'a ta hawa na biyu, ya zo ya tsaya daidai kan Amm Fanus, wato Baffa Fanus, mai kayan miya. A cikinsa akwai waya, sanye da wata rigar ƙyalle da ta sha mai har launinta ya ɓace. Amm Fanus zai goge hannu a jallabiyarsa, ya ɗauko ta, ya ɗaga sama yadda kowa zai ji, sannan ya danna, muryar mai kwandon ta tashi.

"Kai Fanus! Tumatirin da ka ba ni jiya, daga asibiti ka kwaso shi? Biyu sun cika tun kafin su iso hawa na uku. Ka ba ni kilo ɗaya na masu rai, da lalo ɗauri biyu. Kuma ka ɗauke babban yatsanka daga kan sikeli, ina hangen ka daga nan."

Sai lungu ya kwashe da dariya. Mai wake ta saki ludayi, mai guga ya ajiye dutsen guga, Amm Fanus kuwa ya kai wayar bakinsa ya naɗi amsa da ƙarfi: "Barka da asuba, Umm Midhat! Tumatirina lafiya ƙalau ya bar nan. Fuskarki ya gani ya suma." Kafin kwandon ya tashi kowa sai ya zuba nasa. Mai wake ta faɗi wadda ta haihu, mai guga ya faɗi wanda aka kora daga aiki, wata ta tambayi yadda ake rage wuyan riga. Haka yake komawa sama ɗauke da kayan miya da labarin lungu gaba ɗaya. Shekara takwas ke nan ana wannan.

Sunanta na yanka Atiyat, amma tun da ta haifi Midhat ba wanda ya ƙara kiran ta da shi, sai Umm Midhat, wato uwar Midhat. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce aka kawo ta wannan bene, amaryar wani mai duba tikiti a jirgin ƙasa, mutum shiru-shiru wanda har ya koma ga Allah ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Bai ma da bukata, matarsa ta ɗauke masa wannan aikin. Ɗinkin kayan makaranta take yi, rabin manyan lungun nan a cikin wandon da ta ɗinka suka koyi karatu, kuma kowannensu ya san muryarta. Daga baranda take raba faɗa. Daga baranda ta taɓa tsayar da ɓarawon tukunyar gas, tsawa ɗaya ta yi masa ya ajiye tukunyar ya ce a yi haƙuri. Ba ta ɗaukar raini, ba ta kuma kwana da magana a ciki.

Sai maƙoƙo ya fito mata. Aka yi aiki, likita ya ce an yi nasara, kuma gaskiyarsa, maƙoƙon ya tafi. Abin da bai faɗa ba shi ne ya tafi da muryar. Ta dawo gida da wani ɗan raɗa mai kaushi, wanda sai ka kawo kunnenka kusa da bakinta za ka ji. Gwiwoyinta kuma suka zaɓi wannan shekarar suka ce sun gaji da matakala casa'in da shida. Wata huɗu tana rubuta abin da take so a takarda tana sakawa a kwando. Amm Fanus ya miƙa wa wani ya karanta masa, a zuba mata, kwando ya koma shiru. Takarda ba ta tsawa. A watannin nan ta rame, kuma ba ciwon ba ne ya ramar da ita.

Ranar da Midhat zai tafi aiki Kuwait ya bar mata waya don su riƙa ganin juna. Ita ce da kanta ta gano cewa idan ta manna bakinta a gindin wayar ta yi raɗa, ta ƙure ƙara, abin da ke fitowa ba raɗa ba ne, wata murya ce mai kauri da gurnani wadda ta kusa kama tata ta da. Washegari ta saka wayar a kwando. Daga ranar ba wani ɗan lungu da ya ƙara jin ainihin abin da ya rage a maƙogwaronta, ita kuma ba ta yi niyyar wani ya ji ba.

To, waya ma tana tsufa. Bana ta fara mutuwa a hanya. Umm Midhat za ta shirya faɗanta tsaf, ta naɗa, ta saki igiya, kwando ya isa ƙasa da baƙar fuska. Amm Fanus ya danna ya danna, ya ɗaga kai ya buɗe hannuwa. Wane takaici ya kai ka wanke mutum tas, wankin ya tsaya a hawa na uku? Bayan haka bayan wayar ya fara kumbura kamar gurasa a tanda, har rigar ƙyallen ta daina rufuwa.

Shukri mai gyaran waya, wanda shagonsa ke gindin benen, shi ya duba ta. A cikin wayar ya naɗi hukuncin ya mayar a kwando, wato da bakinta ta faɗi labarin mutuwarta.

"Hajja, kada ki ji haushina. Batirin ya kumbura, wata rana zai kama wuta a ƙarƙashin matashinki. Irinsa kuma an daina yi tun tuni, na zaga har kasuwar Abdul Aziz ban samu ba. Ko dai ki sayi ƙanwarta, kamfani ɗaya ne, maɓallan duk inda kika san su, ƙara kuwa har ta fi wannan. Ko ki canza gida gaba ɗaya, ki koma irin wadda Midhat yake riƙewa. Waccan hotonta kamar ka taɓa mutum. Ko kuma, Hajja, ki huta da kwandon nan, ki riƙa turo saƙon ta wayata ina faɗa musu."

Wannan na ƙarshen shi ya ɓata mata rai. An taɓa gwadawa ai. Ta turo masa faɗa mai kyau, wanda ta kwana biyu tana gyarawa, Shukri ya kara a kunnensa ya saurara, ya leƙa waje ya ce, "Amm Fanus, Hajja ta ce kuɓewar ta ɗan tsufa." Ta ɗan tsufa! Ita da ta ce kuɓewar ta girmi kakarsa. Ta rantse ba za ta ƙara ɗaukar tafinta ba.

Maganar sabuwar waya kuwa, ba ta yanke ita kaɗai ba, ta sauke ta ƙasa kamar yadda take sauke komai. Kwana uku lungu yana muhawara a cikin 'yan mintocin da tsohuwar ke iya numfashi. Mai guga ya ce ta canza, duniya ta ci gaba, surukinsa yana da irin ta Midhat kuma ko a cikin ruwa ta faɗa ba ta mutuwa. Mai wake ta ce surukin naka a kogi yake kwana? Ta ce Hajja ta tsaya a kan wadda hannunta ya sani. Amm Fanus, wanda har yau ƙaramar waya mai maɓallai yake ɗaurewa da roba, ya ce shi dai a kawo wadda ba ta iya zagi. Umm Midhat ta saurari kowa, ta auna, ta ce ƙanwar za ta saya. Ta sanar da Shukri ya nemo mata ranar Asabar.

Kuskurenta ɗaya, ta faɗa wa ɗanta.

Midhat yaron kirki ne, wannan ba wanda zai musa. Kowace Juma'a sai ya kira ta, da abin ji a kunnensa don ya kama raɗanta. Amma irin mutanen nan ne da idan suna son ka ba sa jin abin da kake faɗa.

"Mama, wace ƙanwa kuma? Ina raye ki riƙe wayar masu tuƙa tuktuk, keken haya mai ƙafa uku? Me mutane za su ce, ɗanta yana Kuwait?"

"Mutanen su wa? Na tambaye su ai, sun faɗi nasu."

"Mai wake da mai guga? Mama, don Allah. Na riga na saya ma. Irin tawa ce, sabuwar fitowa, abokina zai kawo miki ranar Laraba. Amma ki yi mini alkawari ɗaya, wannan ba ta shiga kwando. Ba albasa ba ce."

"To ta yaya zan yi cefane?"

"Na gama da wannan. Akwai kamfani, daga nan zan riƙa dannawa, su kawo miki har ƙofa. Ba igiya, ba hayaniya, ba mai ƙara cutar ki a sikeli. Ki huta, Mama, kin wahala da yawa."

Ta buɗe baki za ta ce masa wa ya gaya maka hutu nake nema, sai ta ga idonsa. Ya yi baƙi, ya rame, yana murmushi irin na yaron da ya kawo wa uwarsa sakamakon jarrabawa. Ta haɗiye maganar. A rayuwarta ba ta cika haɗiye magana ba.

Laraba wayar ta iso a cikin kwali fari. Siririya, mai santsi, bayanta na sheƙi har kana ganin fuskarka. Abokin Midhat ya kwashe komai daga tsohuwar ya zuba a sabuwar, ya nuna mata inda ake naɗar murya, ya tafi da tsohuwar wai kada ta yi gobara. Kafin ya kai bakin titi, duk lungu ya ji cewa kuɗin wayar Umm Midhat ya fi amalanken Amm Fanus da duk abin da ke kansa.

Kwana tara ta cika alkawari. Kowace safiya wani mutum mai hular babur yakan hau ya ajiye leda a ƙofa, ya ɗauki hoton ledar, ya juya. Tumatir shida a cikin roba, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ba tabo ba ƙamshi. Ta juya su ta sake juyawa tana neman abin faɗa, ta rasa, kuma ko ta samu wa za ta faɗa wa? Ƙarfe tara takan fita baranda ta leƙa. Amm Fanus ya ɗaga kai ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa. Ta ga an kafa rumfa a ƙarshen lungu, ba ta san ko ta biki ce ko ta makoki ba. Ta ga mai wake tana ba mai guga labari har tana dukan cinya, ita kuwa tana sama kamar tattabara a kan eriya. Wannan shi ne hutun da aka saya mata da kuɗin Kuwait. Ranta ya yi ta ƙuna, kuma abin haushin, ba wanda ya yi mata laifin da za ta iya nunawa da yatsa.

Rana ta goma ta ce alkawarin ya isa haka. Ta manna baki a sabuwar waya ta zazzage faɗan kwana tara, ta shimfiɗa ta a kwando tsirara, don rigar ƙyallen ta yi mata yawa, ta saki igiya.

Kwando ya tsaya a kan Amm Fanus. Ya leƙa ciki. Ya goge hannu a jallabiya kamar kullum, ya miƙa, sai ya tsaya. Ya sake gogewa. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi wayar. Mai wake ta matso, mai guga ya matso, suka yi cirko-cirko a kan kwandon, kowa hannunsa a baya. Umm Midhat ta girgiza igiya. Ba wanda ya taɓa. Ta sake girgizawa har kwandon ya bugi kafaɗar Amm Fanus. Sai ta ga ya zaro farin hankici daga aljihu, wanda yake zuwa coci da shi ranar Lahadi, ya lulluɓe wayar, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya shige ƙofar benen.

Shekararsa saba'in da biyu. Sai da ya huta sau huɗu kafin ya iso. Da ta buɗe ƙofa ta same shi ya jingina da bango yana haki, wayar na kan tafukansa kamar ya ɗauko jariri. Shekara talatin suna faɗa kullum, bai taɓa taka ƙofarta ba sai yau.

"Ki karɓi kayanki, Hanim," ya ce. "Na rantse da Budurwa Maryamu, wannan ba ta hannuna ba ce. In ta suɓuce fa? In wani ɗan babur ya fizge? Me zan ce wa Midhat? Hannuna duk ƙasar dankali. Ki riƙa rubutawa a takarda kawai, Hanim, za a kawo miki."

Hanim! Sunan da ake kiran matan Zamalek, unguwar masu kuɗi, masu direba da ƙaramin kare. Ita, Umm Midhat, wadda ta ɗinka wa 'ya'yansa huɗu kayan makaranta, wadda ya ce tumatir ya ga fuskarta ya suma, yau ita ce Hanim saboda wani guntun gilashi. Jini ya hau mata kai. Ta manta da komai, ta buɗe baki ta ce masa Hanim ɗin gidanku, tsohon banza, danna ka ji saƙonka.

Amm Fanus ya karkato kai ya sa hannu a bayan kunne. "Na'am? Me kika ce?"

Ta sake faɗa da duk ƙarfin da ke ƙirjinta. Abin da ya fito bai fi hucin buta ba. Shi kuma kunnensa ya yi nauyi tun tuni, duk lungu ya sani, shi ya sa yake ɗaga wayar kusa da kansa. Ga su taku biyu tsakani, ba mai jin wani. Ta ga lokacin da ya gane. Ta ga fuskarsa ta sauya, bakin nan da bai taɓa rasa amsa ba ya yi laushi, idonsa ya cika da tausayi. Shekara takwas tana ɓoye wannan raɗan don kada ta ga irin wannan kallon.

"Allah ya ƙara sauƙi, Hanim," ya ce a hankali. Ya ajiye wayar a hannunta, ya juya ya fara sauka yana dafa bango.

Ta rufe ƙofa ta zauna a gaban keken ɗinki. Ba ta yi kuka ba, haushi ya hana ta. Zagi ta sani, ta iya karɓa ta iya mayarwa. Amma a tausaya mata? Fanus? Ta warware hankicin ta dubi wayar, fuskarta na kallon ta daga bayan mai sheƙi. Ta tuna Midhat, da zafin Kuwait, da ramar da ta gani a wuyansa. Ta san wata nawa ya yi yana tara kuɗin wannan abu, ta san da zuciya ɗaya ya saya. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma bai hana ta jawo aljihun keken ta ɗauko babban almakashi ba.

Ta fara da bayan. Ta karce shi tsaye, ta karce a kwance, har sheƙin ya mutu. Ta riƙe wayar ta buga kusurwarta a ƙarfen keken, sau ɗaya, da lissafi irin na mai yanka yadi, gilashin ya tsage siriri daga gefe. Ta naɗe kusurwar da salatif. Ta shiga kicin ta dangwalo man suyar jiya ta shafa, ta bi da ɗan garin kamun na ƙamshin miya. Sannan ta rage wa tsohuwar rigar ƙyalle faɗi, ɗinki biyu, ta zura wayar a ciki. Ta danna don ta tabbatar tana aiki. Tana aiki sarai, ƙara kuwa ba laifi.

Washegari ƙarfe tara kwando ya sauko. Amm Fanus ya gan shi ya ɓata fuska, ya fara laluben hankici. Sai ya leƙa. Ya zaro wayar rabi daga rigarta, ya ga salatif, ya juya ya ga karce, ya kai hanci ya shinshina.

"Wayyo, ta faɗi!" in ji mai wake. "Wayar Kuwait ta faɗi!"

"Ta tashi daga aiki," in ji mai guga. "Yanzu ko kyauta aka ba Shukri ba zai karɓa ba."

Amm Fanus ya sake juya wayar. Ya daɗe yana duban karcen, layi-layi, a miƙe kamar an sa ma'auni. Ya san faɗuwa ba ta yin haka. Ya ɗaga kai sama, ya ga kan Umm Midhat a baranda, ta kafe shi da ido. Sai ya damƙi wayar da hannunsa mai ƙasar dankali, ko gogewa bai yi ba, ya ɗaga ta sama ya danna.

"Kai Fanus! Ka ƙara ce mini Hanim, tukunyar na'ana'ar hawa na biyu zan ara in sakar maka a ka. Hankicinka na nan, na wanke shi, don ban san rabonsa da ruwa ba. Ka ba ni tumatir kilo ɗaya, kuma ina son mai tabo, na gaji da waɗanda ba su da laifi. Sannan wani ya gaya mini, rumfar wa aka kafa ina zaune a nan kamar gawa?"

Dariyar da aka yi har mutanen lungu na gaba sai da suka leƙo. Aka yi ta fizgar wayar hannu zuwa hannu, kowa yana son ya riga faɗa. Kwandon ya fi minti goma a ƙasa.

Da ta jawo shi, gilashin ya yi dama-dama da shatin yatsu, ga man wake, ga ƙasa, har da ɓawon albasa manne a salatif ɗin. Ba ta goge ba. Ta zauna a kujerar baranda ta danna. Rumfar ta bikin 'yar mai guga ce, an ajiye mata alewarta. Mai wake ta ce gas ya ƙara tsada. Can ƙarshe muryar Amm Fanus ta fito, da ƙarfi, ba ladabi ko kaɗan.

"Umm Midhat! Kwana goma muna zaune lafiya, kin dawo. Ga tumatirinki, na zaɓo miki waɗanda suka fi kama da ke."

Ta mayar da wannan ta sake ji, sau uku. Juma'a na tafe, Midhat zai kira, kuma sai ta gaya masa abin da ta yi da almakashi, don ba ta iya ƙarya ba. Zai ji ciwo, ta sani. Ta ajiye wannan tunanin sai Juma'ar. Ta ɗauko tumatir ɗaya, ta juya shi ta sami tabon, ta jawo wayar kusa da bakinta.